Ɗafa-ƙeya a Turanci da Aikin Ban Ruwa



Abin da muka zo tattaunawa yau ƙarami ne a ido, watau 'yan haruffan nan da Turanci ke maƙala wa ƙeyar kalma, su fitar da ita daga wannan aji su kai ta wancan. Masana nahawu suna kiransu ɗafa-ƙeya. Tun da yake da yawa daga cikinmu ofis za mu nufa, inda ake rubuta rahoto da Turanci, bari mu ɗauko misali daga gida.

Duk wanda ya tashi daga Madobi ya bi ta Kura ko Bunkure da rani ya san aikin ban ruwa na Kogin Kano, wanda ke samun ruwa daga madatsar Tiga da aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. A takardun aikin akwai kalma guda mai 'ya'ya da yawa. "Irrigate" aikatau ne, a ba gona ruwa. In aka sa masa -ion ya zama suna, "irrigation". In aka sa -able ya zama sifa, "irrigable", ƙasar da za ta yiwu a ba ta ruwa. In kuwa -ed aka sa, "irrigated", to ita ce wadda ruwan ya riga ya isa gare ta.

A nan fa ake yin ɓarna. An tsara kashi na farko na aikin a kan hekta 22,000, amma an daɗe ƙwarai ruwa bai kai ga dukansu ba. Akawun da ya rubuta "irrigated" inda ya kamata ya sa "irrigable" ya shaida wa na gaba da shi cewa aiki ya ƙare, alhali manomi yana can yana duban busasshiyar ƙasa. A kan irin wannan rahoto ake lissafin taki da irin alkama.

Abin bai kamata ya zame mana baƙo ba, domin Hausa ma tana da wannan bambanci, sai dai hanyarta daban. Mukan ce gona tana nomuwa, ko ba ta nomuwa. Wannan shi ne aikin -able. Mukan ce nomammiyar gona. Wannan kuma -ed ke nan. Inda Bature ya ce "salty" da "landless", mu sai mu ce mai gishiri da maras gona, watau mu a gaba muke sa tamu alamar. Haka nan daga ƙarfi muka sami ƙaƙƙarfa, daga zurfi zuzzurfa, daga tsoro kuma tsorata, suna ya koma aikatau.

Sai dai Turanci yana da tarko. An koya mana a firamare cewa -ly bayanau yake haifarwa, kamar "quickly". Gaskiya ne in a jikin sifa ya sauka. In ya sauka a jikin suna, sifa yake bayarwa: "friendly", ko "monthly report" ɗin nan da ke hana ƙananan ma'aikata barci a ƙarshen wata. Haka kuma -ic da -ical ba kullum suke tafiya tare ba. "Economic" ya shafi tattalin arziki ne, "economical" kuwa abin da ba ya cin kuɗi. Mun taɓa jin wani ɗan'uwa ya ce "I am boring" yana nufin ya gundura, bai san ya shaida wa jama'a cewa shi ne mai gundurar da su ba.

Ɗafa-ƙeya yakan taɓa lafazi ma. A "agriculture" nauyin murya yana kan gaɓar farko, amma a "agricultural" sai ya koma kan ta uku. Mu da harshenmu ke aiki da karin sauti, kunnenmu zai kama wannan da wuri in muka saurara.