SUNAYEN DA MU KE TSALLAKEWA

Jawabin da aka yi a taron bikin shekara hamsin, a Ankara ta ƙasar Gana

 A yau muna so mu buɗe wani wuri cikin Littafi Mai Tsarki wanda yawancinmu mu kan wuce da sauri, watau jerin sunaye da asalin dangogi. Sura tara na farkon Littafin Tarihi na Fari kusan duka sunaye ne. Mai karatu ya kan gaji, harshensa ya sarƙe, sai ya juya takarda. Amma Allah bai sa an rubuta su a banza ba.

Ku tuna da asalin wannan biki. Cikin Littafin Firistoci sura 25 an umarci Isra'ila su keɓe shekara ta hamsin. A shekaran nan a kan busa ƙaho, wanda talauci ya sa ya sayar da kansa ya koma wurin danginsa, gonar da aka sayar kuma ta koma ga gidan da ya gaje ta. To, ƙaƙa za a san gonar wa ce, in ba a san ɗan wa ne ba? Ashe jerin sunayen nan shi ne shaidar matalauci, gama ba shi da mai tsaya masa sai sunan kakansa.

Mu mazauna zango mun san nauyin wannan. Kakanninmu fataken goro ne daga Kano da Katsina da Sakkwato, waɗanda yaƙin Salaga na 1892 ya watsa, har waɗansu suka gangaro bakin teku. Kowa ya san Malam Bako ne ya kafa Sabon Zango, Malam Amadu Futa kuma ya kafa Nima a shekarun 1930. Amma wa ya riƙe sunan yaron da ya kora jaki, ko matar da ta ɗebo ruwan kwaɓa ƙasar ginin farko? Bari mu duba wurare uku, mu ga yadda Allah ya ke riƙe irin waɗannan.

Na fari, Yarha, cikin 1 Tarihi sura 2. Akwai wani mutumin Yahuza, sunansa Sheshan, ba shi da 'ya'ya maza, sai mata. Yana da bawa, Bamasare, shi ne Yarha. Sai Sheshan ya aurar masa da 'yarsa, ta haifi Attai. Daga Attai Littafi ya bi zuriyan nan ɗaya bayan ɗaya, har tsara 13, zuwa ga Elishama. Ba a gaya mana ko kalma ɗaya da Yarha ya faɗa ba. Baƙo ne, bawa ne kuma, duk da haka ta wurinsa gidan Sheshan ya tsaya cikin kabilar da Dawuda ya fito. 'Yan'uwa, in maganar aure ta taso a cikinmu, ashe ba mu kan ji raɗa ba, cewa kakan wane saye aka yi? Wanda ya rubuta Tarihi bai ɓoye asalin Yarha ba, bai kuwa ɗauke shi abin kunya ba. Kada ikilisiya ta fi Littafinta tsanani.

Na biyu, maginan garu, cikin Nehemiya sura 3. Garun Urushalima ya daɗe a rushe, aka gyara shi cikin kwana 52. Surar ta bi garun ƙofa ƙofa tana faɗin wanda ya yi aiki. Ga maƙeran zinariya, ga masu haɗa turare, ga 'yan kasuwa. Shallum, mai mulkin rabin yankin Urushalima, ya yi gini tare da 'ya'yansa mata. Malkiya ɗan Rekab, shi ma hakimi ne, rabonsa ya faɗa a Ƙofar Juji, bai ce ya fi ƙarfin wurin ba. Manyan Tekowa kuwa suka ƙi sa wuya ga aikin. Ba a rubuta sunan ko ɗayansu ba, talakawansu ne suka gyara wuri biyu. A sura 4 kuma an ambaci masu dako, kaya a hannu ɗaya, makami a ɗayan.

Wanda ya san Agbogbloshie ba ya bukatar mai fassara masa wannan. Can ne shekara da shekaru motoci suka riƙa sauke albasar Nijar, can samari daga arewa suka riƙa fasa tsofaffin ƙarafa cikin hayaƙi a bakin Odaw, kafin gwamnati ta share wurin a 2021, ta mai da masu albasa Adjen Kotoku. Ga kuma 'yan matan nan masu dako a kasuwannin birnin, waɗanda a ke kira kayayei. Rabin sunan ma namu ne, kaya. Sau nawa muka ɗora wa ɗayarsu kaya, muka biya, muka rabu, ba mu tambayi sunanta ba? Allah wanda ya sa aka rubuta mai gyaran Ƙofar Juji ya san sunanta da na uwarta.

Na uku, gidan Barzillai, cikin Ezra sura 2. Sa'ad da Sairus Sarkin Farisa ya ba Yahudawa izini su komo daga Babila, aka ƙidaya su gida gida. Sai gidaje uku na firistoci, watau na Habaya, da Hakkoz, da Barzillai, suka nemi sunansu cikin littafin asali, ba su samu ba. Kakan gida na ukun ya auri 'ya daga zuriyar Barzillai mutumin Gileyad, tsohon nan mai shekara 80 da ya ciyar da Dawuda lokacin da ya gudu daga Absalom, aka riƙa kiransa da sunan surukansa. Aka fitar da su daga aikin firist, aka hana su cin abinci mafi tsarki, sai ran da firist ya tashi wanda zai nemi hukunci daga wurin Allah.

Dattawanmu sun ɗanɗana irin wannan. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasa. Mutanen da aka haifa a Nima da Mamobi suka ɗaure kaya suka nufi garuruwan da ba su taɓa gani ba, domin takarda. Amma ku lura da abu guda: gidajen nan uku da ba a same su cikin littafin mutane ba, ga sunayensu muna karantawa yau cikin Littafin Allah.

Akwai waɗansu a nan da danginsu suka daina kiran sunansu tun ran da suka bi Almasihu. Ba mu raina wannan ciwo ba. Muna roƙonku kada ku yanke zumunci daga wajenku: ku gaida iyaye, ku je suna da ta'aziyya in an buɗe muku ƙofa. Amma ku sani ba ku zama marasa asali ba. Matiyu ya fara Bishararsa da jerin sunaye, a ciki har da Rahab ta Yariko da Rut ta Mowab, baƙi dukansu. Ubangijin da bai ji kunyar su cikin kakanninsa ba, ba zai ji kunyar ku cikin 'yan'uwansa ba.

Ko Littafin nan na Hausa da ke hannunmu, wanda aka buga cikakke a 1932, yana da irin nasa Yarha. Dorugu yaro ne Bahaushe da aka kama bauta, aka 'yanta shi, ya bi Barth zuwa Ingila a 1855. Daga bakinsa mai wa'azi Schön ya rubuta Hausa mai yawa. Mutum nawa cikinmu suka san sunansa?

Saboda haka ga abin da mu ke roƙo a bikin nan. Tun dattawanmu suna da rai, kowane gida ya zauna da su, a rubuta sunayen waɗanda suka share wurin sujada, da waɗanda suka ɗauko benci a ka, da matan da suka dafa wa baƙi, a kawo wa magatakarda. In kuwa karatun safiya ya kai ku ga jerin sunaye, kada ku tsallake. Ku karanta a hankali, da murya, yara suna ji.

Allah ya sa a iske sunayenmu duka cikin littafin rai na Ɗan Rago. Amin.