Rashi, Abota da Ƙirƙira: Giɓin Littattafan Yara a Gundumomin Tasawa da Mayahi

Wannan takarda tana da'awar cewa yaron Tasawa da na Mayahi sun fi yawancin yaran duniya kusanci da mutuwa, amma da wuya su sami ƙagaggen labari a harshensu wanda ya dubi wannan al'amari da idon ɗan shekara goma. Abin nufi da ƙagaggen labarin yara a nan shi ne dogon zube wanda jaruminsa yaro ne, matsalarsa ta yaro ce, kuma mai shekaru 9 zuwa 14 zai iya karanta shi ba tare da malami ya tsaya a kansa ba.

Alƙaluma sun isa hujja. Ƙidayar 2012 ta ba jihar Maradi mutane sama da miliyan 3 da dubu 400, kowace daga cikin gundumomin biyu kuma ta haura 500,000, alhali kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba. Binciken lafiya na ƙasa na wannan shekarar ya nuna yara 127 cikin 1,000 suna rasuwa kafin su cika shekara biyar, wato kusan ɗaya cikin takwas, kuma duk da cewa an sauko ne daga 198 na 2006, macen Maradi a lokacin tana haihuwa sau takwas da ɗoriya a matsakaicin lissafi. Idan aka haɗa lissafin biyu, za a ga cewa a ajin ɗalibai hamsin da yawa sun taɓa ganin an fita da ƙane ko ƙanwa a cikin tabarma. Matsalar abinci ta 2005, wadda ta cika cibiyoyin kula da tamowa na jihar, ba ta yi nisan da iyayen ɗaliban yau za su manta da ita ba.

Al'ada ba ta yi shiru a kan wannan ba, sai dai da manya take magana. Zaman makoki da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in duk tanadi ne na manya, yaro kuwa rabonsa a ce masa ya yi haƙuri, a aike shi ɗebo ruwa. Akwai kalmar wabi, wadda ake faɗa wa macen da ƴaƴanta ke mutuwa suna ƙanana, akwai kuma sunaye irin su Ajuji da Ajefas da ake laƙaba wa wanda aka haifa bayan jerin rashi, don haka yaro kan tashi ɗauke da tarihin mutuwar yayyensa a cikin sunansa ba tare da an taɓa zaunar da shi an warware masa ba. Tatsuniya ma, wadda ita ce adabin yara na asali, ta cika da marayu, amma mutuwar uwa a cikinta ƙofar shiga ce kawai: jimla ɗaya ake yi mata, sai a wuce ga azabar kishiya da ladar da marainiya za ta samu a ƙarshe. Kewa, wato ciwon rashin wanda aka saba da shi, ba ta samun wurin zama.

Rubutaccen zube ya ɗan taɓa. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron da aka raba da mahaifiyarsa, wadda ta ƙetare hamada nemansa ta kuma rasu jim kaɗan bayan sun sadu, sai dai dattijo ne yake ba da labarin ga almajiransa, da natsuwar wanda ya riga ya huce. Magana Jari Ce na Abubakar Imam da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo sun nuna cewa Hausa tana iya ɗaukar yaro ta kai shi duniyar da babu ita. Adabin kasuwar Kano kuwa, tun daga shekarun 1980, ya karkata ga soyayya da zaman aure, masu karatunsa kuma sun girmi waɗanda ake magana a kansu. A Nijar, littattafan yara da Boubou Hama ya rubuta tare da Andrée Clair a shekarun 1970 da Faransanci suka fito.

Abin da ya rage a haɗa shi ne abubuwa uku, wato rashi da abota da ƙirƙira, a littafi guda. Bridge to Terabithia na Katherine Paterson, wanda ya fito a Amurka a 1977 ya kuma ci lambar Newbery a 1978, ya ginu ne a kan abokai biyu da suka ƙirƙiro masarauta a daji, ɗaya ta nutse a rafi, ɗayan ya rayu da abin da suka gina tare. Fassara shi ba za ta biya buƙata ba, domin yarinyar Mayahi ta fi rasa ƙawarta ta hanyar zazzaɓin cizon sauro a damina, ko ta hanyar aure, a ƙasar da binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na ƴan mata suna shiga ɗaki kafin shekara 18. Dabarar ce abin aro, wato a bar abota ta ƙulle sosai kafin a yanke ta, kuma kada marubuci ya gaggauta zuwa wa'azi.

Hukumomi za su ce karatun kansa ne bai samu ba, kuma gwajin karatu na PASEC na 2014 ya nuna ƙasa da kashi 10 na masu kammala firamare a Nijar ne suka kai matakin da ake buƙata, adadin da ya hau kusan kashi 30 a 2019. Amma da Faransanci aka auna su. An buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a aji, an daidaita rubutun Hausa na Nijar a 1999, kundin mulkin ƙasa da aka zartar a watan Maris na 2025 kuma ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Shekaru hamsin ke nan ana ƙarin takardu, yaron da ya koyi haɗa baƙi bai sami abin da zai karanta bayan littafin aji ba, sai abin da ya koya ya zube.

Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo ta Maradi da ma'aikatar ilimi suna iya buɗe gasar rubutun zube na yara da Hausa, da sharaɗin a buga waɗanda suka yi nasara da rubutun Nijar, a kai su makarantun Tasawa da Mayahi kafin a raba su a Yamai, malaman firamare na yankin kuma su kasance cikin alƙalan gasar.