JAWABI: WA ZAI BIYA KUƊIN TSARON DATTIN AKOKAN?



Jawabin yau ya shafi garin Akokan, kusa da Arlit, cikin jihar Agadas. Can ne kampanin Cominak ya soma haƙar uraniyom a shekarar 1978. Ran 31 ga watan Maris na 2021 aka rufe ramin, don arzikin da ke ciki ya ƙare.

An tafi da uraniyom, amma an bar datti. Shi ne garin dutsen da ya saura bayan an tace ƙarfen. Nauyinsa ya kai ton miliyan 20, an jibge shi kamar tsauni.

Wannan datti ba irin na juji ba ne da ke ruɓewa ya zama taki. Yana fid da wata iska mai suna radon, ba a ganinta, ba a jin warinta, amma tana kawo ciwon daji na huhu. Guguwa tana ɗaukar ƙurarsa. Dafinsa yana iya sauka cikin ruwan ƙasa. Akwai radiyom a ciki, wanda sai ya shekara 1600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi.

Shi ya sa aka tsara a rufe tsaunin da yumɓu da duwatsu, kaurin mita 2. An ƙiyasta kuɗin gyaran wurin miliyar 95 na sefa.

To, bayan an rufe fa? Rufi yana tsagewa, sai an gyara. Ruwan rijiyoyi sai an riƙa auna shi. Tsoffin ma'aikata sai likita ya riƙa duba su. Duk wannan kuɗi ne, kuma ramin da aka rufe ba ya kawo ko dala.

Manomi ya san maganin. Da kaka ake cika rumbu, ba da bazara ba. Haka ya kamata kampani ya riƙa ware kuɗi tun yana cin riba, a ajiye su inda ba mai taɓawa. A Amurka doka ta tilasta wa mai wurin zuba datti mai guba ya ba da jingina ta kuɗin tsaron shekara 30 bayan rufewa.

In ba a yi ajiya ba, kampani zai tafi, nauyin ya faɗo kan gwamnati. Kuɗin gwamnati kuwa harajin talaka ne, na Arlit da na Maraɗi da na Damagaram duka.

Saboda haka, duk inda aka zo buɗe ramin ma'adini, sai mutanen gari su tambaya tun ranar farko: ina kuɗin ranar rufewa, kuma a hannun wa suke?

Allah ya ba kowa lafiya.