Yi Wa Shinge Aski

Maganarmu ta yau a kan shinge ce, shinge mai rai, watau irin na aguwa, ko cin-da-zugu, ko dashi, ko lalle, wanda mu ke kewaye garka da gonar rogo da shi, ko mu jera shi a bakin burtali. Dangar kara kowace shekara sai an sake ta, don gara da iska. Shinge mai rai kuwa ya kan daɗe, amma fa sai ana yi masa aski.

Mutane da yawa su kan ga shinge ya yi tsawo ya wuce kansu, su ce madalla, ya yi kyau. To, ku sunkuya ku duba gindinsa. Akuya ba ta sama ta ke shiga ba, ta ƙasa ta ke ratsawa. Itace in an bar shi, ƙarfinsa duka sama ya ke tafiya. Rassan sama su yi wa na ƙasa inuwa, na ƙasa su bushe su kakkarye, sai kafofi ko'ina. Amma in aka datse kan reshe, sai idanun da ke ƙasa da wurin saran su farka, reshe ɗaya ya fid da toho biyu ko uku. Dalilin askin ke nan.

Saboda haka a bar gindin shinge da faɗi, a tsuke samansa, kamar jinkar ɗaki, don rana ta sami rassan ƙasa. Tsawo kuwa, iyakar ƙirjin mutum ya isa, kamar ƙafa 4 ko 5.

Sai maganar lokaci. A Ingila akwai wani itacen shinge da su ke kira bic. Su kan aske shi a watan Agusta, don ganyen da ya rage, ko ya bushe, ya kan tsaya a jikinsa har sanyinsu ya wuce. Wannan lissafin ƙasarsu ne. Mu namu da ruwan sama a ke yinsa. Babban aski da bazara ne, wajen Afrilu, sa'ad da ganye ya kaɗe, ana ganin kowane reshe sarai. Ruwan fari na sauka, sai toho ya rufe wurin saran. Har wa yau rassan da aka sare ba asara ba ne, su ne iri. A zaɓi masu kauri, tsawon kamu ɗaya ko biyu, a kafa su a kafofin shingen. Na aguwa a ajiye su a inuwa 'yan kwanaki bakin ya bushe tukuna, gama in an kafa su ɗanye cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa su kan ruɓe.

Da damina in toho ya miƙe, a ɗan tsinke kawunansa kawai. Kada wanda ya yi babban sara da kaka. Lokacin ne a ke sakin dabbobi, ga rogo bai isa tono ba, shingen kuwa ba zai tofo ba sai wata damina.

A wasa adda sosai. Dakusasshiyar adda tsaga reshe ta ke yi, ruwa ya kwanta a tsagin, ruɓa ta shiga. A yi saran a karkace, daga ƙasa zuwa sama.

Tsohon shingen da ya riga ya zama kafofi, shi ma yana gyaruwa. A sare shi daidai gwiwa, a kewaye wurin da ƙaya har ya tofo. In shingen dogo ne, a yi rabi bana, rabi baɗi, kada gona ta zauna a buɗe gaba ɗaya. Mai shingen lalle ya fi kowa riba a nan, don sabon toho shi ke ba da ganye mai yawa na kai wa kasuwa.

Ku yi hankali da farin ruwan aguwa, yana ƙuna a ido. In ya fantsama, a wanke idon nan da nan da ruwa mai tsabta da yawa, a tafi asibiti. 'Ya'yan cin-da-zugu kuma guba ne, a tsince waɗanda suka zuba, kada yara su ɗauka su ci.