Amanar Kifi a Lokacin Hutu



Mun lura wasu sun yi murmushi da aka ambaci kan wannan jawabi, kamar suna cewa me ya haɗa ɗan jami'a da kifi in ba a cikin miya ba. To, a yi mana haƙuri. Hutu ya ƙarato, kowa ya fara ɗaure kaya, kuma akwai daga cikinmu waɗanda za su kulle ɗaki su bar rayuka a cikin akwatin gilashi ko tankin bayan gida. Muna so mu faɗa musu abin da ya same mu, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mu huɗu ne a ɗakinmu, 'yan Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa. Dukanmu mun tashi muna jin labarin madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a kan Kogin Kano zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala a 1974. Bara muka sayi 'yan ƙananan karfasa biyar da tarwaɗa ɗaya a hannun masunta a bakin Tiga, muka zuba su a akwatin gilashi mai cin lita 60, muka sa masa injin hura iska. Da hutun mako uku ya zo, muka damƙa wa wani dattijo maƙwabcinmu mabuɗi da gwangwanin abinci, muka ce ya riƙa ba su. Ba mu gaya masa nawa zai ba su ba. Shi kuwa, saboda tausayi, kullum sai ya zuba musu cikin hannu safe da yamma. Ran da muka dawo, wari ya tarye mu tun daga ƙofa. Ruwan ya yi fari kamar tsarin gero, karfasa biyar duk sun mutu, tarwaɗar kaɗai ke motsi. Laifin namu ne, domin wanda bai yi bayani ba shi ya ɓata aikin ɗan aike.

Abin da muka koya shi ne, yunwa ba ta cika kashe kifi a lokacin hutu ba. Jikin kifi yana bin zafin ruwan da yake ciki, watau ba ya ƙona abinci don ɗumama kansa yadda mu muke yi, saboda haka babban kifi lafiyayye kan yi mako guda ba ci, ba abin da zai same shi. Masunta sun san gaiwa, wadda kan shige cikin laka in tafki ya ƙafe, ta yi watanni ba ta ci kome ba har ruwa ya dawo. Ƙananan 'ya'yan kifi ne kawai ba su jure wannan. Abin da ke kisa shi ne abincin da ya yi saura. In ya ruɓe, shi da kashin kifin, sai su fitar da guba mai suna amoniya, wadda ke ƙona huhun kifi da ke gefen kansa. Har wa yau ƙwayoyin da ke ruɓar da abincin suna shanye iskar da ke cikin ruwan. A Tiga, ruwa yana da faɗi, iska na kaɗa shi, kogi na shiga yana fita. A lita 60 kuwa, kifi yana zaune ne cikin ƙazantarsa. Tarwaɗarmu ta tsira domin Allah ya yi mata wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iskar sarari da ita, karfasa kuwa ba ta da wannan.

To, me ya kamata mai tafiya ya yi?

Da farko, kwana biyu ko uku kafin tafiya, ya kwashe kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ya zuƙe dattin ƙasa, ya cika da sabo. In ruwan famfo ne, ya bar shi ya kwana a buɗe cikin bokiti, saboda maganin da ake sa masa. Kada ya zubar da ruwan duka, kada kuma ya wanke matatar da sabulu, domin a cikinta ƙwayoyi masu amfani suke zaune, su ne ke rage ƙarfin gubar.

Na biyu, kada ya cika musu abinci ranar tafiya da sunan guzuri. In tafiyar ba ta wuce mako ba, ya bar su haka nan. In ta wuce, ya ƙulla abincin a 'yan takardu, kowane ƙulli abin da za su cinye cikin minti biyu ko uku, ya rubuta ranar da za a ba su, ƙulli ɗaya duk bayan kwana biyu. Sa'an nan ya ɓoye gwangwanin.

Na uku, ya dubi yanayi. Karfasa ta fi jin daɗin ruwa mai zafin digiri 25 zuwa 30. A Afirilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40 a ƙasar Kano, ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska da yawa, kuma yana saurin ƙafewa, sai a ɗauke akwatin daga bakin taga, a ajiye wa mai tsaro ruwan ƙari. A hunturun Disamba da Janairu kuwa, kifi kan rage ci, sai a ƙara rage abincin, a rufe tagogi da dare.

Na huɗu, kada ya dogara ga wutar lantarki. Ya rage yawan kifin tun kafin tafiya, ya nuna wa mai tsaro yadda zai ɗebi ruwan da kofi ya zubo daga sama in ya ga kifi sun taso suna buɗe baki. Ya kuma sa murfi mai ƙofofin iska, domin tarwaɗa takan fice da dare.

Yayyenmu ma'aikata da ke kiwon tarwaɗa ɗari biyu ko ɗari uku a bayan gida don taimaka wa albashi, ku naku ya wuce ado, jari ne. Ku kawo mai tsaron ya yi aikin a gabanku sau biyu kafin ku tafi, ku bar masa lambar waya, ku biya shi haƙƙinsa.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, kifin nan bai roƙe mu muka raba shi da Tiga ba. Tun da mu muka tsare shi, cinsa da numfashinsa suna wuyanmu. Wanda ya san ba zai iya wannan shiri ba, gara ya ba wa wani riƙo tun yau. Tarwaɗarmu dai tana nan da ranta, kuma bana ƙulle-ƙullenta goma sun riga sun isa hannun dattijon.

Allah ya kai kowa gida lafiya.