Bargon da na ɗinka da zannuwan Inna

Daga filin hirar dare na makiyaya da fatake. Mai magana 'yar kasuwa ce da ke sarin atamfa tsakanin Maraɗi da Jibiya.

Mutanen ruga, sannunku da sanyi, yaya bisashe? 'Yan kasuwa da ke kwana a tasha ana jiran a sallami kaya, Allah ya kawo kasuwa.

Ni dai shekara ashirin da 'yan kai ina sayar da atamfa, amma ban taɓa riƙe allura na ɗinka abin kirki ba sai da na haura hamsin. Abin da ya zaunar da ni kuwa duk kun san shi. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Kaya ya tsaya, jari ya fara narkewa, ga ni a gida ba aikin fari ba na baƙi. Cikin wannan zama ne Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Da aka raba gado, zannuwa bakwai suka zo hannuna, duk sun sha jiki, mai gwanjo ba zai ba ni jika biyu a kansu ba. Na kasa ɗaurawa, na kasa kyautarwa.

Gwaggo, ƙanwar babanmu, ita ta same ni ina jujjuya su. Ta ce, "Ke 'yar nan, zanen da aka bari a adaka gara ce magajiyarsa. Kawo su mu yi bargo." Na ce, "Gwaggo, ni da ban iya ko ɗinkin maɓalli ba?" Ta ce, "To yau za ki iya."

Bari in faɗa muku yadda ta koya mini, ko wani zai amfana. Da fari a wanke zannuwan, su bushe, sannan a ɗaga kowanne a rana. Inda haske ya ratsa, wurin ya mutu, a yanke shi a ajiye gefe, zai shiga ciki. Inda ke da sauran ƙwari a yayyanka shi ƙyalle-ƙyalle, taƙi ɗaya a tsaye, taƙi ɗaya a kwance. A jera ƙyallayen a ɗinke su zama dogon sawu, irin na masaƙa, sannan a haɗa sawu da sawu. Wannan shi ne fuskar bargo. Sai a shimfiɗa zane ɗaya lafiyayye a kan tabarma, a ɗora tsohon gwado ko tsummokaran nan da aka ware, a rufe da fuskar, a danne kusurwa huɗu da duwatsu. Hawa uku ke nan. Ɗinkin da zai kama su daga tsakiya ake fara shi a yi waje, tsakanin layi da layi yatsa uku. Zare kada ya wuce kamu ɗaya, in ya wuce sarƙewa yake. A ɗaura guntun fata a yatsa, don allura ba ta san uwar gida ba.

Ni da gaggawa irin ta 'yan kasuwa, Gwaggo na juya baya na fara daga gefe. Kwana uku ina yi, da na iso tsakiya bargo ya tattare kamar tumbin akuya. Ba ta yi mini faɗa ba, reza kawai ta miƙo mini. Na warware aikin kwana uku ina hawaye. Kuskure na biyu, na cusa wani sabon yanki daga kayan sayarwata don ado, ban wanke shi ba. Wankin farko ya zuba, ya kuma tsuke ya ja tsofaffin da ke kusa da shi. Har yau tabon yana nan.

Na tambaye ta me ya sa bargon tsumma ya fi zane uku da aka rufa a jere ɗumi. Ta ce iska ce ke maƙalewa tsakanin hawa da hawa, ɗinkin kuma ya hana su zamewa. Ta ce in duba lifidin dawakai ran hawan salla, ɗinkin ke nan, sai dai shi audugar rimi ake cusa masa.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne, kowane zane na sa wa almakashi sai Gwaggo ta tsayar da ni da labari. Mai ruwan bula ɗin nan 'yar Kaduna ce, babanmu ya sayo a kasuwar Katsina da kuɗin gyaɗa, tun kafin farin 1973. Mai zanen tsuntsaye ta Yamai ce, ita Inna ta goya ni da ita. Akwai wani baƙin saƙi kuma da Gwaggo ta daɗe tana shafawa kafin ta yi magana. Ta ce a yunwar 1984, wadda muke kira El Buhari, Inna ta sayar da kwalla da tasoshi da zannuwanta ɗaya bayan ɗaya ta sayi hatsi, wannan kaɗai ta hana, don kakarmu ce ta kaɗa zarensa da hannunta. Ni ina cikin yaran da suka ci hatsin nan, ban taɓa sani ba. Saƙin ban yayyanka shi ba, shi na sa a tsakiya ɗungurungum.

Daga nan sai daren hunturu na ƙuruciya ya dawo mini. Aci-balbal na ci, kaka na murza mazari, ana tatsuniya, mu shida cikin luru ɗaya, na gefe yana ja na tsakiya yana kuka. Da safe Fulani su kawo nono a yi musaya da gero, ba a maganar naira ko sefa. Ban ce zamanin aljanna ne ba, ƙyanda kaɗai ta ɗauke mana ƙanne biyu. Amma abin rufarmu mun san hannun da ya yi shi. Yanzu manyan masaƙun Kaduna sun rufe, yawancin abin da nake sari daga Sin yake zuwa. Ni ma da hannuna a ciki, ba zan wanke kaina ba.

Makiyaya, ga taku. Bargon kanti mai laushin nan yana da araha, ba nauyi, yana saurin bushewa, ban hana ku saye ba. Amma zaren roba ne. Wanda ke kwana gefen wuta ya sani, in tartsatsi ya faɗa masa narkewa yake ya manne a fata, yara kuwa ba sa farkawa da wuri. Auduga ma tana cin wuta, sai dai ba ta narkewa. Sakala ta gashin tumaki ta fi su duka, in za ka iya kuɗinta. Aibin bargon ƙyallaye ɗaya ne, in ya jiƙe ya zama kayan jaki, don haka na hunturu ne, ba na damina ba. A riƙa shanya shi a rana saboda kwarkwata. Wanda ba shi da tsofaffin zannuwa ya je wurin tela bayan salla, ƙyallaye buhu-buhu ake zubarwa.

Kwana arba'in ya ɗauke ni. Da na gama, Gwaggo ba ta dubi fuskar ba, baya ta juya tana bin layukan da yatsa. Ta ce, "Gefen nan ya karkace, amma zai yi maganin sanyi." Ƙawata Bafillatana da ke kawo mana nono ta gani ta ce sai na yi wa ɗanta, mai bin shanu kudu bayan kaka. Ta kawo zannuwanta biyar, har da wanda aka kai ta ɗaki da shi. Shi nake kai yanzu, ina layi na goma sha ɗaya, daga tsakiya na fara. Sai wani makon in Allah ya kai mu, a kwana lafiya.