Tsibirin Morishus da Shahon da Ya Kusa Ƙarewa



Jawabina na yau a kan wani tsibiri ne da ke cikin Tekun Indiya, gabas da Madagaska, ana ce da shi Morishus. Sa'ad da jiragen ruwan mutanen Holan suka sauka can cikin shekarar 1598, ba su iske mazauni ko ɗaya ba. Kurmi ne mai duhu, cike da wani itace ɗan'uwan kanyarmu, da manyan kunkuru, da wani ƙaton tsuntsu wanda ba ya tashi, sunansa dodo. Kada sunan ya ruɗe ku, ba dodon tatsuniya ba ne; shi wannan ko gudun mutum bai sani ba. Ganin ƙarshe da aka yi masa, wanda yawancin masana suka amince da shi, cikin 1662 ne.

Galibi akan ɗora laifin a kan matuƙan jirgi da suka riƙa yanka shi. Suna da nasu laifi, amma a ganina babbar ɓarnar ta fito ne daga abin da jiragen suka sauke, watau ɓeraye da aladu da birai. Dodo a ƙasa yake nasa ƙwai, su kuwa waɗannan baƙi ba abin da suke so kamar ƙwai. Sa'an nan aka sare kurmin domin katako da gonakin rake. Ɗan abin da ya saura kuma wata irin gwaba da aka kawo, asalinta daga Barazil, ta mamaye shi.

To, saura kaɗan wani ƙaramin shaho na tsibirin ya bi sawun dodo. Shi wannan tsaka da ƙadangaru yake ci. Da aka shiga fesa maganin DDT don kashe sauron zazzaɓi, dafin ya bi ta abincinsa ya shiga jikinsa, ƙwayayensa suka daina ƙyanƙyashewa sosai. Cikin 1974 guda huɗu tak aka sani sun rage a daji.

Wasu masana har sun fid da rai. Amma cikin 1979 wani saurayi mutumin Birtaniya, Carl Jones, ya iso ya kama aikin. Dabararsa ita ce ya hau dutse ya kwashe ƙwan da uwar ta yi, a ƙyanƙyashe su a ɗaki. Ita kuwa da ta ga sheƙa wayam sai ta sake yin wasu. Aka riƙa ciyar da 'yan tsakin da hannu, aka kakkafa musu akwatunan sheƙa, ana kafa wa ɓeraye tarko. Aiki ne na shekara da shekaru. Shahon ya ƙaru har ya kai ɗaruruwa, ko da yake yawansa ya sake raguwa daga baya. Cikin 2022 gwamnatin Morishus ta mai da shi tsuntsun ƙasa.

Kunkurun tsibirin kam sun riga sun ƙare, kuma su ne a dā ke cin 'ya'yan itacen nan mai kama da kanya suna yaɗa irinsa. Saboda haka cikin 2000 aka kawo manyan kunkuru 'yan asalin Aldabra aka sake su a wani ɗan tsibiri da ke kusa da gaɓa. Inda duk suka yi kashi, sai ga itacen yana tsirowa.